Iskar Da Ta Ƙi Fita

"Wai Inna, kafin yarinyar nan ta shigo gidan, kin taɓa jin wannan fiton a ɗakinsa?"

Yaya Babba ce ta yi tambayar, yayar mijin Amarya, ko rage murya ba ta yi ba. Amarya na kicin tana ɗauraye kofuna. Ta tsaya da kofi a hannu tana jiran amsar surukarta. Kafin Inna ta amsa sai fiton ya taso daga ɗakin ƙarshe, siriri mai tsawo, kamar ana kiran mutum daga ƙasan rijiya.

Amarya ta san fiton, ƙirjin mijinta ne. Kafinta ne tun ƙuruciya, shekara da shekaru yana gurzar katako yana fesa fenti ba abin rufe hanci, har huhun ya gaji. Bayan aurensu ne dai ciwon ya fito fili. Yanzu in zai hau benen gidan sai ya zauna a tsakiyar matattakala. Wanka a kan kujera, salla a zaune, magana ma gutsura ta yake yi. Abokan shago sun rage zuwa, don da sun ba shi dariya sai tari ya turnuƙe shi.

Ranar da suka dawo daga asibiti Inna ta tare su a bakin ƙofa.

"Me likitan ya ce?"

"Iska ce, Inna… ta shiga… ta ƙi fita."

Haka kuwa likita ya faɗa, Amarya na wurin: hanyoyin huhun sun tsuke, iskar da ya shaƙa ba ta samun fita duka. Sai dai numfashin bai kai shi ƙarshen bayanin ba. Inna ta dafe ƙirji ta yi salati. Iska ɗaya ta sani mai shiga mutum ta ƙi fita, ita kuwa ba ta asibiti ba ce.

"Inna, ai nufin likita—"

"Ke kuma a wane aji kika tsaya da za ki fassara mana likita?" in ji Yaya Babba.

Amarya ta haɗiye sauran.

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar Inna ke shiga ɗakin da kaskon garwashi da wani ƙullin saiwoyi. A rufe tagogi, a cusa tsumma a ƙasan ƙofa don kada hayaƙin ya tsere. Amarya kuwa an hana ta shiga sai an gama. Ita kaɗai ta lura cewa duk ranar da aka turara, leɓensa kan yi duhu, inhela ma, maganin nan da ake fesawa a baki, sai ya yi ta fesawa kafin ya samu kansa.

"Ka gaya mata mana," ta ce masa wata rana tana gyara masa matasai a baya.

"Na gwada. Ta ce… ba ni ke magana ba… iskar ce ke roƙon a bar ta." Ya yi murmushi. "Shiru-shiruna… ko ke ce aljanar? In ke ce… don Allah kada ki fita."

"Kai dai! Ana kuka kana wasa."

Ta yi dariya, hawaye na zuba mata a bayan hannu.

Washegarin ranar da ta yi wa Inna tambayar nan a kan fiton, Yaya Babba ta kira Amarya falo. Za ta koma gidan iyayenta na ɗan lokaci, a ga ko abin zai bi ta.

"Ba korarki aka yi ba. Gwaji ne. In ba ki da hannu, meye na kuka?"

"Yaya, wa zai riƙa yi masa wanka?"

"Ji mini yarinya! Kafin ki zo a daji muka ajiye shi?"

Amarya ta dubi Inna. Inna ta kau da kai.

Da la'asar tana ninke kayanta a falo, Inna ta shiga ɗakin da kasko. Yau an ninka saiwoyin, tunda gobe mai abin za ta tafi. Inna ta fito ta ja ƙofa, ta zauna da carbi. Hayaƙi ya fara sulalowa ta gefen tsumman, yana bin ƙasa kamar mai neman ƙafar wani. Fiton na tashi yana sauka. Amarya na ninki tana bin sa da kunne, yadda ta saba.

Sai ya tsaya.

Gidan ya yi tsit. Agogon bango kaɗai ke motsi.

"Alhamdu lillahi," in ji Yaya Babba a hankali. "Kin ji? Ta yi shiru."

Amarya ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ita da ko ido ba ta iya haɗawa da su, sai ga ta ta ture hannun Yaya Babba ta banke ƙofar.

Ba ta ga gado ba, ba ta ga bango ba. Hayaƙin ya taru a gefe ɗaya, tsaye, tsayin mutum, ya ranƙwafa a kan inda mijinta yake. Ta ratsa ta tsakiyarsa da bisimilla, ta fizge labule, ta bugi tagar har sakatar ta karye. Ta ɗauki kaskon da hannu tsirara ta fitar da shi baranda.

Mijin na zaune, baki buɗe, ido waje, ƙirjin na motsi amma ba abin da ke wucewa. Ta sunkuyar da shi gaba, ta sa masa inhela a baki.

"Ja! Ja mana! Yanzu hura a hankali, kamar shayi ya yi zafi. Kalle ni. Hura!"

Can fiton ya dawo, ƙanƙani. Ba ta taɓa jin sauti mai daɗinsa ba.

Inna na bakin ƙofa, idonta a kan hayaƙin da ke murɗawa yana ficewa ta taga.

"Ta fita…" in ji ta. "Wallahi ga ta can tana fita! Ashe mu muke kulle ta a ciki?"

"Inna," in ji Amarya, kanta a ƙasa, "hayaƙin ne ke riƙe ta."

Ba ƙarya ta yi ba. Maƙwabcinsu direba ne ya goya shi zuwa mota. A asibiti likita ya ja Amarya gefe, yana duban ƙunar tafinta, ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da ba gadon jinya za a ba shi ba.

Ba a sake zancen tafiyarta ba. Inna da kanta ta zubar da saiwoyin, ta kafa doka: tagogi a buɗe, ko turaren kaya kada a kunna. Ciwon bai warke ba, irinsa ba ya warkewa. Amma mijin ya fara takawa zuwa baranda, yana zama a bakin taga yana zana wa abokan shago fasalin kujeru. Yaya Babba kuwa ta koma kiranta "ƙanwata", tana ɗan ja da baya in za su gitta, kamar mai tsoron abin da yarinyar ta iya. Haƙuri ya yi mata rana, amma ta gane ba kowane shiru ne haƙuri ba. Akwai ranar da rufe baki kan zama cin amana.

Wata yamma Inna ta same ta ita kaɗai a kicin. Ta daɗe tana juya carbi.

"'Yata, tsakaninki da Allah. Hayaƙin nan nawa… ya cutar da shi?"

Amarya ta dubi hannuwan tsohuwar, duk tabon garwashi. Maganar likita ta zo mata har kan harshe.

"Inna, ke kika ce a bar tagogi a buɗe. Tun ranar yake samun sauƙi."

Inna ta ja dogon numfashi, ta dafa kanta ta sa mata albarka, ta fita.

Amarya ta ci gaba da wanke-wankenta. Abin da likita ya faɗa mata a gefe ya fi ƙarfin zuciyar uwa, kuma ba zai ƙara wa mijinta numfashi ko ɗaya ba. Ta yanke a ranta ba za ta gaya wa kowa ba, ko shi.