Koren da Ya Hana Sha'ibu Gudu

Rahoton kisan Malam Sha'ibu ya iso caji ofis na Ƙanƙara tare da wanda ake zargi, jina-jina a bayan babur. Gide ne sunansa, shugaban 'yan sintirin 'Yargoje. Dagaci ne ya sa wakilinsa ya gudo da shi kafin jama'a su ƙarasa shi.

Sufeto Mas'udu ya fito ya dube su. Mutum ne da ya daɗe a aikin nan har ya daina yi wa kowa alkawari.

"Me ya yi?"

"Yallaɓai, 'yan bindiga sun kashe Sha'ibu a gona, sun kora shanun nomanshi," in ji wakilin. "Ya danna Kururuwa, saƙo ya tahi, Gide ya ƙi zuwa. Gari ya ce infoma ne."

A wannan yanki, in aka kira mutum infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga labari, ba alƙali ake nema masa ba, likkafani ne.

Kururuwa wata manhaja ce da wasu matasa biyu suka yi wa manoma. Ba rubutu a cikinta, domin yawancin masu riƙe ta ba su karatun boko. Maɓalli ne guda babba a tsakiyar allon waya. In ka danna, zobe ya fara juyawa. In saƙo ya kai wayar 'yan sintiri, zoben ya cika da kore ya kumbura a hankali. In bai kai ba, ya koma ja ya yi ta girgiza hagu da dama, kamar mai cewa a'a. Motsin nan shi ne duk maganar da manhajar ta iya.

Sufeto ya sa aka wanke wa Gide kai, ya zaunar da shi a ofis.

"Saƙo ya shigo wayarka?"

"Wallahi ko ƙara ba ta yi ba, yallaɓai. Ina bakin masallaci, mutane na gani na."

"Ka iya gogewa."

"Na iya. Amma Sha'ibu tare muka yi kiwo muna yara. In goge shi in kai ina?"

Sufeto ya karɓi wayar, ya ce a kai shi bayan kanta. Gide ya fahimci ba hukunci ba ne, ɓoyo ne, don haka bai yi gardama ba.

Da azahar Sufeto yana tsaye a gonar, can bayan 'Yargoje inda dawa ta fi mutum tsawo. An riga an kai mamacin makwancinsa. Ƙaninsa Ɗanlahadi, wanda suke tare lokacin da abin ya faru, shi ya nuna wurin, ya kuma miƙa wayar marigayin.

"Mun ji ƙarar babura tun daga nesa," ya ce. "Na ce mashi Yaya mu ruga cikin dawa. Ya danna abin nan, ya nuna mani. Kore shar. Ya ce Gide na tahe, ba shi barin shanunshi. Ni na ruga, shi ya tsaya."

"Da idonka ka ga koren?"

"Kamar yadda nike ganin hularka."

Sufeto ya fito da tasa wayar don ya kira ofis. Ba sabis ko ɗigo. Ya ɗaga ta sama, ya zagaya, shiru.

"Nan ai ba a samu," in ji Ɗanlahadi. "Sai ka hau dutsen can."

Sufeto ya tsaya. Ya kunna wayar marigayin, ita ma ba sabis. Ya danna maɓallin. Zobe ya juya, ya cika da kore, ya kumbura lafiya lau. Ya sake dannawa, haka. Abin da ya fi tsaya masa a rai, tsawon juyin iri ɗaya ne kowane karo, ba ƙari ba ragi. Wanda ya taɓa jiran saƙo ya fita a ƙauye ya san sabis ba shi da wannan ladabi.

"Ka gani?" ya ce wa Ɗanlahadi. "Ba inda saƙon ya je."

"To ai ga shi kore, yallaɓai."

Sufeto ya jefa wayar a aljihu. Ya ji ransa ya ɓaci, domin ya gane cewa ko ɗan'uwan mamacin ya fi yarda da allon waya a kan hukuma.

Washegari ya nufi Faskari, wajen Mubina, ɗaya daga cikin masu manhajar. Malamar kwamfuta ce a wata makarantar kuɗi, kuma ita ta zana duk motsin da ke cikin Kururuwa. Ta karɓe shi a ɗakin malamai da fara'ar da ba ta kai ciki ba.

"Yaya koren nan yake aiki?"

"Jira yake yi. In ka danna, zobe zai yi ta juyawa har amsa ta dawo cewa saƙo ya isa. Amsar ce ke kunna kore. In ba ta dawo ba, ja ke fitowa."

Ta buɗe kwamfutarta, ta cire ta daga intanet, ta danna. Zoben ya girgiza kai, ja wur.

Sufeto ya ajiye mata wayar marigayin, ya kashe data a gabanta, ya danna. Kore ya kumbura.

"Halan wayar ce ta lalace," ta ce da sauri.

Ya leƙa waje ya aro wayar maigadin makarantar, wanda shi ma yana da manhajar. Ya kashe data, ya danna. Kore.

"Ita ma ta lalace?"

Mubina ta sunkuyar da kai. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nata ko gwiwa bai kai ba. Ta haɗa wayar da kwamfuta, ta ɗan yi dube-dube.

"An kwance koren daga amsa, an ɗaure shi da agogo," ta ce. "Zoben zai juya na ɗan lokaci, sai kore ya fito ko saƙo ya tahi ko bai tahi ba. Jan yana nan, amma ba abin da ke kiranshi."

"Wa ya yi?"

"Ban sani ba."

"Ku nawa ne a aikin?"

"Mu biyu."

"To in ba ke ba ce?"

Sai ta ambaci sunan abokin aikinta, Adnan na Sabuwa. Shi ke haɗa manhajar ya gama, shi ke bin kasuwanni yana tura wa mutane waya zuwa waya a rumfunan caji. Ta rantse ita motsi kawai ta zana.

Hanyar Sabuwa ba a binta yadda aka ga dama saboda 'yan bindiga, sai da Sufeto ya jira ayarin motoci. Ya sami Adnan a zauren gidansu, saurayi mai tsabta da saurin baki.

"Yallaɓai, ni ban taɓa ɓangaren motsi," ya ce. "Wannan aikin Mubina ne. Abin da ta ba ni shi nike rabawa. Yau na fara jin wannan magana."

"Ba ka taɓa lura kore na fitowa ba sabis ba?"

"Ko kusa."

Suna cikin haka mahaifinsa, Alhaji Abdulgafar, ya dawo daga gona. Da ya ji baƙon a kan manhajar ɗansa ya zo, sai ya washe baki ya zauna. Tsohon bai san komai ba, yabo ya ɗauka aka kawo.

"Yaron nan ya yi wa ƙasar nan aiki," ya ce. "Ni kaɗai ya cuta. Tawa ba ta da kirki. In na gwada a gona, sai ta yi ta kaɗa mani kai, ja kamar gauta. Ta maƙwabta kuwa kore kullum. Na ce ya sa mani irin ta mutane, ya ƙi. Ya ce Baba in ka ga ja, ka ruga, kar ka jira kowa."

Sufeto ya karɓi wayar tsohon da ladabi, ya kashe data, ya danna. Zoben ya girgiza, ja.

Ya juya ga Adnan. "Wa ya sa wa Alhaji wannan?"

Adnan ya kawar da kai, Sufeto ya ƙara matsa masa.

"Ka ce yau ka fara ji. Me ya sa ka ware mahaifinka?"

Alhaji Abdulgafar yana duban ɗansa, murmushinsa na gushewa a hankali. Adnan ya zame daga benci ya zauna a ƙasa.

"A Tafoki abin ya faru," ya ce. "Mun tara dattawa mu nuna masu. Duk wanda ya danna, ja. Suka yi ta dariya, wani ya ce mun kawo masu abu mai baƙin baki. Ana sallar la'asar na ɗaure koren da agogo, don kawai su ga yadda zai yi in akwai sabis. Da suka dawo suka ga kore, kowa ya miƙo waya. Na tura masu. Mubina na wurin, ta ce in mayar, na ce gobe."

"Goben ba ta zo ba?"

"Mai gaskiyar ba wanda ke so, yallaɓai. In na sa wa mutum, bayan kwana biyu ya goge. Mai koren kuwa da kansu suke tura wa juna. Na ce ai ko ba komai hankalinsu zai kwanta."

"Ya kwanta. Sha'ibu ya tsaya jiran mutanen da ba su san yana kira ba."

Adnan ya fashe da kuka. Mahaifinsa ya tashi ya shiga gida ya bar takalmansa a zaure.

"Za ka iya gyara waɗanda ke hannun mutane?" Sufeto ya tambaya yana sa masa ankwa.

"Sai na riƙe kowace waya da hannuna. Ban ma san inda suka kai ba."

Aka shigar da shi mota, unguwa na kallo. Sufeto bai ji daɗin komai ba. Waɗanda suka harbi Sha'ibu suna daji da shanunsa, ba mai zuwa kamo su, shi kuma ga shi ya kamo yaro mai kwamfuta. Ya aika wa dagatai a yi shela a masallatai kowa ya goge manhajar. Amsar da ta fi dawowa ita ce tasu lafiya take, sun gwada, kore ta nuna.

A Ƙanƙara ya sa aka kai Adnan bayan kanta, aka fito da Gide. Wakilin dagaci na zaune a benci yana jira, fuskarsa ba annuri.

"Ba ka da laifi," Sufeto ya ce wa Gide, ya yi masa bayani dalla-dalla. "Ka tafi gida."

"Wane gida, yallaɓai?" in ji wakilin. "Jiya aka ƙone shi. Iyalin sun gudu Pauwa. Na faɗi abin da ka gani a gona, suka ce an sayi 'yan sanda. Ɗanlahadi ya rantse gaban jama'a ya ga kore. In Gide ya taka garin nan, ni ban iya hana komai."

Gide ya daɗe yana kallon ƙofa. Rana ce tarwai a waje, masu babura na ta wucewa.

"In da wuri, ka maida ni ciki," ya ce.

"Ɗaki ɗaya gare mu. Wanda ya ja maka wannan yana ciki."

"Ba komai. Shi dai bai ce mani infoma ba."

Ya tuɓe takalmansa ya miƙa wa ɗan sandan da ke kanta. Sufeto ya ɗauki makulli ya bi bayansa.