Na Fasa

Ranar da Nusaiba ta tsaya a rumfar Zayyad a kasuwar Gummi, ya jera mata manyan wayoyi masu faɗin fuska kamar faranti. Ko kallonsu ba ta yi ba.

"Ƙarama ni ka so, mai madannai."

"Kowa babba shi ka nema, ke kaɗai..."

"To ni ba kowa ba ta."

Shi ke nan, bawan Allah ya faɗa. Ya sa mata lambarsa wai gwaji, gwajin da ya kai wata bakwai. Kullum sai ya turo: "Ƴar ƙaramata, kin tashi lafiya?"

Mahaifinta Malam Jibo bai yarda da mai sayar da waya ba, baki ya yi masa daɗi da yawa. Ga kuma Hayatu mai sayen zinari daga Bukkuyum yana ta zarya. Tsohon ya karɓe wayarta, ya ce in magabatan Zayyad ba su zo kafin la'asar ɗin Juma'a ba, zai saurari Hayatu.

Ranar Alhamis Zayyad ya tafi Anka ɗauko kawunsa. Da yamma saƙo ya shigo. Malam ya nisanta wayar daga idonsa, ya karanta abin da ƴar fuskar ta ɗauka: "Nusaiba na fasa". Ya kira sau biyar, ba a ɗaga ba.

Bayan Juma'a, mutanen Hayatu na zaune a zaure, ya shiga ciki ya nuna mata daga nesa.

"Ga masoyin naki. Ya ce ya fasa."

Ta ji tsoro, ta ji kunya, hawaye suka zubo.

"Malam, ba ta ta riƙa da hannunta," in ji Inna, mahaifiyarta.

Nusaiba ta karɓa, ta danna ƙasa. Sauran rubutun ya hauro, ta karanta da ƙarfi:

"Nusaiba na fasa gilashin wayata, na faɗi da babur. Fuskar na mutuwa, ba ni iya ɗaga kira. Ko da rarrafe muna tafe, ƴar ƙaramata."

Can aka soma kiran la'asar, babu su babu labarinsu.

"Baba..."

Bai kalle ta ba. Ya fita, ya tsaya a bakin zaure, ya dubi mutanen Hayatu.

"Ku yi haƙuri. Ni nak karanta rabin magana, ba ni yanke ma yaro hukunci da rabi."

Rana ta yi ja sosai lokacin da wata mota ta tsaya. Zayyad ya fito yana ɗingishi, gwiwa a naɗe, kawunsa na riƙe da shi.

Bayan sallar layya aka ɗaura. Malam Jibo da kansa ya kama hannunta ya sa a na Zayyad.

"Ga ta nan. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku haƙurin jin juna har ƙarshen magana."