Zobe na Goma Sha Ɗaya

Makullin gida na manta a gareji, shi ya mayar da ni bayan magariba. Ban so komawa ba, don tun shekaranjiya raina bai kwanta da sarƙar nan ba.

Siririya ce, ko kaurin ƙaramin yatsana ba ta kai ba, kuma a ɗan farantin da ke jikinta an buga rabin tan, iyakar nauyin da za ta ɗauka. Injin babbar motar da muka rataya mata ya haura haka nesa ba kusa ba. Mai kaurin an ara ba a dawo da ita ba, ni kuma ga shegen taurin kai. Mafi muni, zobe na goma sha ɗaya ya taɓa tsagewa, na yi masa walda na shafe wurin da baƙin mai. Kowane makanike ya san ba a yi wa sarƙar ɗaga kaya walda. Ƙanena bai san na yi ba. Kwana uku yana kwanciya ƙarƙashin injin yana kwance noti, yana ba ni labarin jaririyarsa.

Na tura ƙofa. Warin tsohon mai ya tare ni, da wani wari kamar na ƙarfe mai zafi, alhali ba wanda ya kunna wuta.

Ƙis. Ƙis.

Injin yana juyawa a hankali a jikin sarƙar. Babu iska.

Na haska waya. Ga makullin can a kan kwalin da ƙanena ke kwanciya. Na durƙusa, na kutsa kai ƙarƙashi, na miƙa hannu.

Wani abu mai ɗumi ya ɗigo mini a ƙeya. Na shafa na sunsuna. Gumi ne.

Na ɗaga kai.

A kan ƙarfen da ke gindaye a sama, wani abu na tsugune. Fuskarsa ban gani ba, kuma har yau ina gode wa Allah. Hannunsa na gani, dogo, ya biyo sarƙar ya damƙe zoben da na yi wa walda.

"Kai ne mai waldar?" in ji shi, cikin raɗa.

"Ni ne."

"Kwana uku ina riƙe. Na gaji." Ya ja numfashi. "Mai jaririyar na riƙe wa. Ba kai ba."

Yatsa ɗaya ya buɗe.

Ƙis.

Na biyu.

Addu'ar da nake yi tun ina yaro ta ɓace mini.

Na uku.

Na mirgina. Injin ya daki ƙasa, siminti ya fashe, takalmina na hagu ya rage a ƙarƙashi.

Da safe ƙanena ne ya tsinto zoben. Ya tsage daidai kan waldar, ga shatar yatsu biyar sun nutse cikin ƙarfen kamar an matsa ƙullu. Ƙanena ya kankare man da farce, ya daɗe yana kallo.

"Yaya, ka sani?"

Na ce na sani.

Ranar na yanyanka sarƙar gutsi-gutsi don kada wani ya tsinta. Yanzu ba na ɗaga komai sai na karanta faranti, na bi zobe ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ƙanena yana gaishe ni kullum da ladabi, amma bai ƙara kwanciya ƙarƙashin abin da na rataya ba, kuma bai ƙara ba ni labarin yarinyar ba.