Famfon da Ke Hawaye

Ranar da ya fara ganin Auta, famfon ruwa na mota ne a kunnenta. Tana juya shi da yatsa, idonta a rufe, kamar mai sauraron sallama daga nesa.

Bakanike ne, ana ce masa Dogo. Ya zo shagon kayan gyara na mahaifiyarta neman famfo, ta ajiye masa guda biyu a kan kanta.

"Wannan kwalinsa ya fi kyau," in ji shi.

"To, ka ɗaura wa motar kwalin," ta ce. "Juya shi ka ji, ƙarar boris ɗin da ke cikinsa kamar yashi a haƙori. Farfelarsa roba ce aka shafa wa fenti. Wancan mai nauyin shi ne na gaskiya."

Dogo ya san duk wannan. So yake ta ƙara magana.

Da yamma ya tura mata saƙo: "Sanyin injina, tun da na bar shagonku allurar zafi ta ƙi sauka."

Ta amsa: "Duba lagireto, malam." Can sai ga wani: "Gobe ma muna buɗewa."

Wata huɗu ana haka, magana ta kai kunnen Umma, mahaifiyar Auta. Ta ce ko bayan ranta. Ta fi son dillalin da ke kawo musu kaya, mai turare, wanda Auta ke mayar masa da rabin kwalayensa saboda jabu ne.

Auta ta rubuto wa Dogo dalili: "Shekara tara ke nan. Umma na kai Baba asibiti, mota ta yi zafi ta mutu a hanya, Baba ya cika a kujerar baya. Kwana biyu da ɗaura sabon famfo. Tun ranar ba ta amsa gaisuwar bakanike."

Famfon na nan a kan kabad ɗin Umma, naɗe cikin farin ƙyalle. Kowane famfo yana da ɗan rami a ƙasansa inda ruwa ke tsatsa idan ya fara mutuwa. Wannan kuwa, shekara tara bai ga ruwa ba, amma Umma ta ce duk Asabar takan tarar da ƙyallen da danshi.

Dogo ya je ya durƙusa. Umma ta sauko da famfon ta dire a gabansa.

"Kai da aka ce kana da kunne, faɗa mini, wa ya kashe mini miji?"

Ya juya shi, ya saurara. A bayansa sai ya ga ɗigon shuɗin fenti, irin wanda ake sa wa kowane kaya a shagon su Umma. Ya ɗora babban yatsansa a kai.

"Jabu ne, Umma. Amma ko ni zai iya ruɗa. Alhakin na wanda ya ƙera shi ne."

Umma ta daɗe tana kallon yatsan.

"Ɗage hannunka, ɗana," ta ce. "Ni na sauko da shi daga kanta. Kwalinsa ya fi kyau."

Auta ta toshe baki. Ba ta taɓa ji ba. Ta rarrafa ta kwantar da kai a cinyar uwarta, suka yi kukan da ya makara shekara tara.

"Wanda ya rufe wannan ɗigon," in ji Umma, "zai rufa wa 'yata asiri. Allah Ya yi muku albarka."

An ɗaura aure bayan wata biyu. Dillalin bai ƙara kawo kaya ba. Yanzu ba abin da ke hawa kanta sai ya ratsa kunnen Auta da na Dogo.

Famfon kuwa yana nan kan kabad. Umma ta ce ƙyallen ya bushe. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya jiƙan Baba.