Gwangwani Na Bakwai

A bayan gidan su Auta akwai wata rumfar kwano. A cikinta wani tsohon injin shuka yake zaune. Ya girmi Auta, ya girmi Mama ma. Fentinsa ya koɗe, kaji sun mai da ƙarƙashinsa wurin hutawa.

Injin na Kaka ne. Yana da dogon akwati a sama, inda ake zuba iri. A ƙasa kuma yana da baki goma. Idan tarakta ta ja shi, kowane baki sai ya riƙa zuba alkama a layinsa.

Kaka ya daina noma, domin yanar ido ta hana shi gani. Auta ce take karanta masa takarda, ita ce take nemo masa takalminsa. Shi ya sa yake kiran ta Idanuna. Ita kuwa ba ƙaramin ji da kai take yi da wannan suna ba.

Likita ya ce za a iya cire yanar, amma aikin yana da tsada. Sai Kaka ya ce a sayar da injin.

Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo. Ya zagaya injin, ya shuri tayarsa, ya ce zai saya a kan sikeli.

Kaka ya ce, "Malam, ni ba ƙarfe nake sayarwa ba, injin shuka ne. Ka gaida gida."

Bayan mutumin ya tafi, Auta ta ce, "To Kaka, nawa za mu ce?"

"Injin ne zai faɗa."

"Au, injin yana magana?"

"Sosai. Kuma bai kai ki surutu ba. Maza tattaro mini gwangwani goma."

Ta tattaro. Mama ta taimaka suka ɗaga taya ɗaya a kan katako. Suka zuba alkama a akwatin, Auta ta jera gwangwani a ƙarƙashin kowane baki.

Kaka ya ce, "Zan juya tayar nan sau ashirin. Idan gwangwani goma suka cika daidai, sai mu nemi cikakken farashi. Bakin da ya gaza kuwa, za mu cire rabonsa daga kuɗin. Haka na saya, haka zan sayar."

Mama ta koma ɗakin girki. Kaka ya kama tayar yana juyawa. Sarƙa ta fara ƙara, alkama tana zuba, Auta tana tsugune tana kallo.

Tara suna cika. Na bakwai kuwa, sai ɗai-ɗai ƙwaya take faɗowa. Da aka kai ashirin, ko gindinsa bai rufe ba.

Auta ta yi lissafi a ranta. Idan aka cire rabon baki guda, anya kuɗin zai isa aikin ido? Ta dubi Kaka. Yana share gumi, idonsa fari fat, yana kallon inda ba ta nan. Tausayinsa ya kama ta.

A hankali ta sa hannu a buhu. Ta ɗebo alkama, ta cika gwangwani na bakwai.

"Yaya dai, Idanuna?"

"Duk sun cika, Kaka."

Ya durƙusa da ƙyar, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsoma yatsa. Sai ya yi dariya, ya shafa akwatin injin.

"Tsoho bai ba ni kunya ba! Ɗauko alli ki rubuta: baki goma, duka lafiya."

Ta rubuta a jikin allo da kyakkyawan rubutunta. Amma ranar ba ta ci abinci da yawa ba.

Bayan kwana biyu maƙwabcinsu ya zo. Yara suna ce masa Kawu Dogo. Direba ne a da, bana ya fara noma, kuma duk abin da ya tara ya zuba a gonar. Kaka ya ce masa ya gwada injin da kansa.

Kawu Dogo ya ce, "Haba Baba, kai ka gwada, ni kuma in sake? Maganarka ta ishe ni."

Ya biya cikakken farashi, ya ɗaura injin a bayan taraktar haya, ya tafi.

Aka yi wa Kaka aiki, aka dace. Ranar da aka cire masa bandeji, ya daɗe yana kallon Auta.

"Ashe haka kika yi tsawo? Ni da nake zaton har yanzu 'yar mitsitsiya ce!"

Kowa ya yi dariya. Auta ta ce a ranta, shi ke nan, magana ta wuce.

Magana kuwa ba ta wuce ba. A ƙasa take, tana shirin tsirowa.

Gonar Kawu Dogo tana kan hanyar makaranta. Wata safiya Auta ta ga alkama ta fito kore shar. Amma a tsakanin layukan akwai wani layi da babu komai sai ƙasa. Can gaba ga wani, can ma ga wani, har ƙarshen gona. Daga ranar ta koma bin doguwar hanya.

Ranar Asabar Kaka ya ɗauki sandarsa. "Zo ki raka ni in ga aikin tsohona. Na yi kewar ganin kore."

"Kaka, rana ta yi zafi."

"Yaushe kika fara tsoron rana? Mu je."

Suka tarar da Kawu Dogo a bakin gona, ya yi tagumi.

Ya ce, "Baba, ni dai ban iya noman nan ba. Dubi yadda na ɓata shuka. Wataƙila gudu na yi da yawa."

Kaka ya matsa kusa da shukar. Ya nuna layi da sandarsa, ya fara ƙirgawa. Ɗaya, biyu, uku. A na bakwai ya tsaya. Ya matsa gaba, ya sake ƙirgawa, ya sake tsayawa a na bakwai.

Ya ce a hankali, "Ba laifinka ba ne, ɗana. Bakin injin ne. Ni na ce maka lafiya yake, ka yarda da ni. Na cuce ka ban sani ba."

Auta ba ta taɓa jin ya yi magana haka ba. Nan take hawaye ya zubo mata.

"Kaka, ba kai ba ne. Ni ce. Gwangwani na bakwai bai cika ba, ni na cika shi da hannuna. Na ji tsoro kada kuɗin ya kasa, ka zauna ba ka gani."

Kaka ya dube ta da sabon idonsa. Da ma ya yi faɗa, da ta fi jin sauƙi.

Ya ce, "Kuɗin baki tara ma ya isa aikin, Auta. Da kin tambaye ni, da na gaya miki. Ragowar na ajiye ne in saya miki jakar makaranta."

Ya kira ta Auta, ba Idanuna ba. Wannan ya fi jakar yi mata ciwo.

Ta juya wurin Kawu Dogo, ta durƙusa. "Kawu, ka yi haƙuri."

Ya ɗaga ta. "Tashi, 'yata. Kwana uku ina zagin kaina, ashe ban kai haka rashin iyawa ba. Lokacin shuka bai wuce ba tukuna."

Kaka ya mayar wa Kawu Dogo da kuɗin baki guda, ko da yake sai da suka ja kafin ya karɓa. Da suka buɗe bakin, suka ga haƙoran da suke tura iri sun cinye. Makaniki ya canza su.

Layukan da babu komai kuwa, da hannu aka shuka su. Kullum bayan makaranta Auta tana bin Kawu Dogo, shi yana jan layi da fartanya, ita tana zuba iri. Kwana biyar suka yi. Bayanta ya yi ciwo, Mama tana gasa mata da ruwan ɗumi.

Mama ta ce, "Kin so Kakanki, wannan ba laifi ba ne. Amma ba a taimakon wani da cutar wani. In abu ya dame ki, ki faɗi gaskiya, ki tambayi manya."

"Na gane, Mama."

Bayan mako biyu Kaka ya sake zuwa gonar tare da ita. Ya tsaya daga nesa, ya runtse ido.

"Daga nan ba na hangowa sosai. Duba mini layi na bakwai."

Auta ta je ta duba da kyau, ta dawo.

"Ya tsiro, Kaka. Amma bai kai sauran tsawo ba, kuma akwai wuri biyu da bai fito ba."

Kaka ya yi murmushi, ya dafa kanta.

"Yawwa, Idanuna. Mu je gida."