Tarwadar Alhaji Babani

A tashar jirgin ruwa ta Treichville Haulatu ta fara ganin Zakari. Ƙato guda, amma ya ƙanƙame ƙarfen bato, wato jirgin ruwan fasinja, kamar yaron da za a yi wa allura, bakinsa na ta addu'a. Ita kuwa tana rungume da bokitin karfasa marasa lafiya za ta kai labo, ɗakin gwaje-gwaje, don aikinta ke nan, binciken cututtukan kifi da yadda za a yi kiwonsa ba a ɓata ruwa ba.

"Malam, ko in riƙe maka hannu?" ta ce tana danne dariya.

Bai saki ƙarfen ba, amma kafin su sauka ya karɓi lambarta.

Soyayya ta yi nisa har manya suka shiga. Ranar da ta taso daga unguwarsu, 220 Logements ta Adjamé, ta je unguwar Arras gaida iyayensa, mahaifinsa Alhaji Babani, wanda ya bar shago ya koma kiwon tarwada a tsakar gida, ya kira ta da fara'a ta ga abin da ya tanada: rabi na walimar aurensu, rabi na kasuwa.

Ta leƙa na farko cikin tankuna biyun. Duk gyambo ne a jikin kifin, wasu har sun juya ciki sama. Gefe guda ga fankon kwalayen kafso na mutane, wanda Kailu dillalin kifi ya ce a zazzaga a ruwan sannan a sayar da kifin da wuri. Kailun nan kuwa ya daɗe yana yi wa 'yarsa kwaɗayin Zakari.

Ta san idan ta yi magana auren na iya wargajewa. Ta kuma san mutane ne za su ci.

"Baba, ka yi haƙuri," ta ce. "Kifin nan bai kamata kowa ya ci ba. Na tankin nan sai dai a binne. Na ɗayan ana iya ceto su."

"Ba ki shigo gidana ba, har kin fara binne mini dukiya?"

Kailu, da ke tsaye a wurin, ya ƙara zuga Alhaji, ya ce 'yan boko haka suke. A ranar Alhaji ya dakatar da maganar aure.

Haulatu ta yi kuka a gbaka, ƙaramar motar haya, har Adjamé. Kwana da kwanaki babu kiran Zakari, duk ƙarar waya sai ta yi saurin dubawa, har ta fara yarda ya haƙura da ita. Sai ga saƙo:

"Hasken idona, ba guje miki na yi ba. Tsoro nake ji, na Baba da na rasa ki. Kifin na ta mutuwa, Baba ko abinci ba ya ci. Amma ya hana Kailu ɗaukar ko ɗaya. Me zan yi?"

Nan take ta rubuta: "Matsoracina, ni ma barci ya ƙaurace mini. Ware masu lafiya, ka canja ruwa, ka rage abinci, ka sa gishiri yadda zan auna maka. Kullum ka kawo mini ruwan tankin in duba."

To, labon yana ƙetaren lagun ne, babban ruwan da ya ratsa garin, kuma ta bato ake isa da wuri. Haka Zakari ya riƙa shiga bato kowace safiya, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya a kwalba, gumi na zuba. Mutuwar kifin ta ragu, sannan ta tsaya.

Wata safiya Alhaji ya bi bayansa har tasha. Ya tsaya yana kallon ɗan da tun yana ƙarami ko gada aka hau sai ya rufe ido, yana taka bato ƙafarsa na rawa. Ya koma gida ya aika a kira Haulatu.

Ta shigo, ta durƙusa can nesa.

"Matso, 'yata," ya ce. "Ranar nan kunya ce ta sa ni faɗa. Da kin yi shiru, da na ciyar da jama'a cuta a ranar aurenku."

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a, aka yanka raguna. Kailu, da bakinsa cike da nama, ya tambaya ina tarwadar walimar.

"Tana tanki," in ji Alhaji. "Sai surukata ta ce maganin ya fita jikin kifin."

Ƙawayen amarya suka ce ta bato za a zagayo da ita. Ango ya yi ta roƙo har aka bi ta gada. A bakin ƙofa Alhaji ya ɗaga hannu ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a mai faɗin gaskiya ko da ƙafa na rawa, gida duka ya amsa da amin.