Alawar Gola

Akwai wani yaro ɗan aji biyar da kowa ke kira Gola. In ya tsaya a raga, sai dai ƙwallo ta nemi wata hanya. Shi ma ya san haka, har da ɗan cika baki.

Da ƙishirwa da yawan fitsari suka dame shi, Mama ta kai shi asibiti. Likita ta ce ciwon suga ne. Ta koya masa yin allura kafin cin abinci, da yadda zai gwada jininsa.

"Zan ci gaba da tsaron raga?" Abin da ya fara tambaya ke nan.

"Ƙwarai kuwa," in ji likita. "Amma guje-guje na iya sa suganka ya yi ƙasa. In ka ji jiri ko rawar jiki, ka sha alawa nan take. Kuma ka gaya wa malaminku."

Mama ta zuba masa alawa a aljihu. "Wannan magani ce, ba ta rabo ba. Ka ji ko?"

"Na ji, Mama."

Amma bai gaya wa malamin wasanni ba. Tsoro yake kada a ba wani ragarsa.

Ranar atisaye, alawa ta faɗo daga aljihunsa. Abokai suka yi caa a kansa.

"Lallai Gola!" in ji abokinsa Dogo. "Ashe rowa ka koya?"

Kunya ta hana shi faɗin gaskiya. Ya rabar da ita tas.

Ana cikin wasa, gumi mai sanyi ya keto masa. Hannunsa ya kama rawa. Ƙwallo ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa. Ya laluba aljihu, babu komai. Ya zauna daɓas.

Malam ya rugo. "Me ya same ka?"

"Malam, ciwon suga gare ni. Sugana ya yi ƙasa. Ku ba ni abu mai zaƙi."

An yi sa'a Dogo bai sha tasa ba. Ya ɓare ta, ya miƙa masa. Malam ya sa aka kawo lemo. Can sai idon Gola ya washe.

"Da ka suma, me zan ce wa mahaifiyarka?" in ji Malam. "Wasan gobe daga benci za ka kalla. Ba don ciwon ba, don ɓoyewar."

Washegari yana kallo aka yi ta zura musu ƙwallo. Abin ya yi masa zafi sosai.

Da aka tashi, ya tara abokansa ya yi musu bayani, har ya nuna musu na'urar gwajinsa.

Dogo ya daki ƙirji. "Daga yau, duk wanda ya taɓa alawar Gola, da ni zai yi!"

Gola ya gane cewa ciwo ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne haɗari.

A wasa na gaba ya gwada jininsa a gaban kowa, ya shafa aljihunsa, ya shiga raga. Ranar ko ƙwallo ɗaya ba ta wuce shi ba.